Jan layin nan na gwajin maleriya zinare ne, ga yadda ake yin gwajin kar a yi asarar jini da kuɗi

Damina in ta kankama a Bauchi duk mai aikin lafiya ya san sauran, daga Yuli har wajen Oktoba benci baya hutawa, uwa da goyo, tsoho da rawar sanyi, ɗan acaɓa ya jingine mashin a bakin ƙofa yana haki, kuma kowa ya shigo maganarshi ɗaya ce, "maleriya da taifot ne, a min allura kawai." Ni a ƙaramin asibiti nake aiki a bayan gari, irin wanda in an ɗauke wuta sai fitilar waya, toh kwanaki wani ƙanina da ke karatu a jami'ar ATBU ya zo yana min bayani da zafinshi wai akwai wata fasaha ana ce mata nano, nan gaba ita za ta ceci talaka daga cututtuka. Na bari sai da ya gama na jawo durowa na ɗauko abin gwajin maleriya guda ɗaya na ajiye mishi a gaba nace ga nanon nan, tun kana firamare muke aiki da shi. Dariya ya yi ya ɗauka zolaya ce.

Ba zolaya bane kam. Ka duba rula, ƙaramin zanen nan na milimita ɗaya, in ka raba shi gida miliyan ɗaya toh kowane gida shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000, ƙwayar jan jini wajen 7,000. Shi kuwa zinaren da ake sawa a cikin yawancin abin gwajin nan na gaggawa da ake ce wa RDT ɗan ƙwayarshi bai wuce nanomita 40 ba, kaga sai ka jera wajen 2,000 kafin su tsallake faɗin gashi ɗaya. Abin mamakin shi ne zinare in ya ƙanƙance haka baya zama ruwan ɗorawa irin na ɗan kunnen amarya, ja yake komawa, wani lokaci ja mai ratsin shuni. Wani Bature Michael Faraday ya yi bayanin wannan tun 1857 a Landan. Wannan jan shi kake gani in layi ya fito.

Ga yadda abin yake aiki a ciki, kuma ka daure ka gane wannan don duk kuskuren da mutane ke yi daga rashin saninshi ne. Ƙwayar maleriyar da ta fi addabarmu a Najeriya, falsifarum, tana zubar da wani furotin a cikin jini ana ce mishi HRP2. Su kuma 'yan ƙwayoyin zinaren an shafe jikinsu da abinda ke cafke wannan furotin kaɗai. Ka ɗauke su kamar 'yan acaɓa masu jar riga suna jira a tasha, furotin ɗin shi ne fasinja. In an ɗiga ruwan gwajin sai ya farfasa ƙwayoyin jini ya kwashi kowa ya bi takardar da ke ciki kamar yadda kananzir ke bin lagwani. A hanya akwai shinge biyu. Shingen farko, wajen harafin T, mai ɗauke da fasinja kawai yake tarewa, in suka taru da yawa sai ka ga jan layi. Shinge na biyu, wajen harafin C, kowa yake tarewa da fasinja ko babu, aikinshi ya nuna maka cewa ruwa ya tafi har ƙarshen hanya. Shikenan. Babu batir babu wuta babu madubin ɗakin gwaji, abinda ya sa ya dace da ƙauyukanmu kenan.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwaji kafin a ba da maganin maleriya, kuma ƙasar nan ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duk duniya, amma har yau sai ka ga mutum ya gwammace ya sayi magani sau uku a wata da ya tsaya minti 20 a duba jininshi. Zazzaɓi ba sunan cuta bane, alama ce, kamar hayaƙi ne, sai an leƙa an ga me ke ci.

Abinda ya fi shi ne ma'aikacin lafiya da aka koya wa ya yi maka. Amma ko kai ba za ka yi da hannunka ba, ya kamata ka san yadda ake yi don ka sa ido a kan mai yi maka, musamman a kemis ɗin unguwa inda wani lokaci yaron shago ne aka bar wa aikin.

Da farko a duba ledar. Kwanan watan ƙarewar aikinshi yana jiki, in ya wuce a jefar, babu wani "ai wata ɗaya ne kawai." In ledar ta huje ko ta buɗe tun tuni shi ma ya tashi aiki, danshi ke kashe shi, shi yasa za ka ga ɗan ƙullin abu kamar gishiri a ciki mai tsotse laima. Kar a farke ledar sai an shirya komai a gaba, safar hannu, audugar sifirit, abin tsira yatsa sabo a rufe, ɗan abin ɗibar jini, kwalbar ruwan gwajin da ake ce wa bafa, da agogo ko waya. A rubuta sunan mara lafiya a jikin robar, wannan kamar wasa ne amma ranar da yara shida ke kan layi duk Aisha da Muhammadu, za ka gane amfaninshi.

Yatsan zobe ake kamawa, na hannun da mutum baya aiki da shi sosai, yawanci hagu. A goge da sifirit sannan a bari ya bushe da kanshi, kar a hura da baki kar a goge da gefen zani. In ba a bari ya bushe ba jinin baya tsayawa ɗigo ɗaya, bazuwa yake, kuma ya fi zafi. A tsira gefen kan yatsan ba tsakiya ba. Jariri ƙarami a gefen dunduniya ake yi mishi. In hannun yaro ya yi sanyi uwa ta murza mishi tukuna, ya fi a zo ana matsar yatsa kamar ana tatsar akuya, don matsa da ƙarfi yana fito da ruwan jiki ya surka jinin. Abin tsirar kuma da an gama ya shiga kwalin allurai ko gwangwani mai murfi nan take, ba a yi wa mutum biyu da guda ɗaya ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne, ciwon hanta da ƙanjamau ta nan suke bi.

Yanzu wajen da aka fi yin ɓarna, wato yawan jini. Maikurolita 5 ake buƙata, bai kai ɗigo guda cikakke ba, kuma ɗan abin ɗiba da ya zo a cikin kwalin an auna shi ne daidai wannan. Wasu gani suke in an zuba jini da yawa sakamakon zai fi gaskiya, a'a, takardar ce za ta rine ta yi jajir ta ɓoye layin in mai haske ne, kaga an mayar da mai maleriya mara maleriya. In kuma jinin ya yi kaɗan fasinjan ba za su isa su cika shinge ba. A sa jinin a ƙaramin ramin da aka tanada mishi ya taɓa takardar ciki, sannan a ɗiga bafa a nashi ramin, kwalbar a tsaye ƙyam ba a karkace ba. Ɗigo nawa? Ya danganta da kamfani, wani 2 wani 3 wani 4, a karanta takardar da ke cikin kwalin, kar a ce ai wancan da muka saba haka muke yi.

Na taɓa shiga wani shago, ba zan faɗi unguwar ba, na tarar bafansu ya ƙare suna ɗiga ruwan leda. Mai shagon har yana min alfahari wai tun safe duk wanda ya gwada yana da maleriya, lallai bana abin ya yi yawa. Nace mishi Malam ba abin bane ya yi yawa, ruwan ne. Ruwan sha ko ruwan ƙarin jiki ko bafan wani kamfani daban yana iya sa zinaren ya maƙale a wajen T ba tare da fasinja ba, layin ƙarya ya fito, a ɗora wa mutum maganin da baya buƙata alhali ciwon da ke cinshi yana nan. In bafa ya ƙare gwaji ya ƙare.

Sai a ajiye a kan tebur a kwance a duba agogo. Minti 15 ko 20 gwargwadon abinda kamfanin ya rubuta. Kar a karanta da wuri a ce babu, layi mai haske yana iya makara. Kar kuma a tafi sallah a dawo bayan awa ɗaya a ga wata inuwa ta fito a ce ga maleriya, bayan lokacin da aka ƙayyade ya wuce, yawanci minti 30, abinda ya fito ba abin dogaro bane.

Karatun kanshi ba wuya. Layi a C kaɗai, ba a ga maleriya ba. Layi a C da T, akwai, ko da na T ɗin siriri ne sai ka karkata shi wajen haske kafin ka gani, layi dai layi ne. In babu layi a C toh gwajin ya lalace ko da T ya fito ɓaro-ɓaro, a sake da sabo. Kuma dan Allah a daina cewa "taka ta yi yawa don layin ya yi duhu," tsananin ciwo a jikin mara lafiya ake ganinshi ba a kalar layi ba. Wasu nau'in suna da layi uku don suna neman wani furotin na biyu, waɗannan sai a bi hoton da ke cikin takardarsu.

Akwai wani abu da ke haɗa mu faɗa da iyaye kusan kullum. Hajiya ta kawo yaro an gwada an samu, ya sha magani ya warke yana ta wasa, bayan kwana goma ta kai shi wani wajen a "tabbatar" sai layi ya sake fitowa, ta dawo ranta a ɓace wai maganinku jabu ne. Sai na zaunar da ita nace Hajiya ki yi haƙuri, furotin ɗin nan yana daɗewa a jini sati biyu, uku, har sama da haka bayan ƙwayar ta mutu, kamar toka ce bayan wuta ta mutu. RDT baya gaya miki an warke. In zazzaɓi ya dawo cikin satittikan nan, ɗakin gwaji za a je a shafa jinin a gilashi a duba da madubi a ga ko ƙwayar tana nan da ranta.

In an samu maleriya kuma mutum yana iya ci da sha, maganin haɗin nan na ACT ake sha, wanda aka fi sani shi ne atemita da lumefantirin. Sau 6 cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da dare. Da nauyi ake bayarwa ba da ido ba, a irin ƙananan ƙwayoyin nan masu lamba 20/120 mai kilo 5 zuwa 14 ɗaya yake sha kowane lokaci, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. A sha da abu mai maiƙo, nono, madara, kunun gyaɗa, don haka yake shiga jiki sosai, jariri kuma a ba shi mama. In ya amayar cikin minti 30 a sake ba shi. A shanye duka, ba wai rana ta biyu jiki ya yi daɗi a ɓoye sauran a cikin kwalla don ƙaninshi ba. Kulorokwin kam an daɗe da sauke shi daga maganin maleriya a ƙasar nan don ƙwayar ta saba da shi. Mai ciki ita kuma asibiti za ta je, kar ta tsaya a kemis.

Amma in yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan mama, ko duk abinda ya shiga sai ya dawo, ko ya yi laƙwas baya gane mutane, ko tafin hannunshi da cikin idonshi sun yi fari fat, ko fitsari ya koma kalar shayi, wannan ba zancen ƙwaya bane, allurar atesunet ce a babban asibiti, a kama hanya ko tsakar dare ne.

Toh in layi ɗaya ya fito fa? Nan ne ake ganin fushi, mutum ya ji kamar an cuce shi, ya biya kuɗi an ce mishi babu. Ni kuwa a wajena nan gwajin ya fi amfani, don ya ce maka nemi wani abu. Yaro mai tari a ɗaga rigarshi a ƙirga numfashi na minti ɗaya cif yana kwance lafiya lau ba yana kuka ba, daga wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ana zargin nimoniya ce. A duba kunne, maƙogwaro, fitsari, ƙurajen ƙyanda. Lokacin zafi in ga ciwon kai da sanƙarewar wuya, sanƙarau ake tsoro. Sannan mu a Bauchi dole mu sa Lassa a rai, jiharmu tana cikin na gaba-gaba tare da Ondo da Edo, ta fi tashi da rani, kuma farkonta sak maleriya. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani kwana da kwanaki, ga ciwon maƙogwaro ga kasala, a daina zagayen kemis a tafi asibiti, Asibitin Koyarwa na ATBU yana karɓar masu ita, lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, kuma 6232 ce. Shi kuwa gwajin Widal da ake maƙala wa kowa taifot da shi, guda ɗaya baya tabbatar da komai, mutane da yawa masu lafiya ma zai nuna musu. In zazzaɓi ya ci gaba bayan kwana ɗaya ko biyu ba a gano dalili ba a sake gwajin maleriyar, wani lokaci ƙwayar ce bata yi yawa ba a ranar farko.

Masu shago ga naku. A jikin kwali an rubuta iyakar zafin da zai iya ɗauka, wasu digiri 30 wasu 40, kuma kowa ya san yadda shago mai rufin kwano yake a watan Maris da Afrilu a garin nan. Kar a ɗora kwalin a saman kanta kusa da rufi, kar a bar shi a gaban mota daga kasuwa zuwa ƙauye rana tana dukanshi, kar kuma a sa a firiza ya daskare. Ƙasa-ƙasa, inuwa, inda iska ke shiga. A duba lambar NAFDAC kafin a saya.

Ƙanin nawa ya tambaye ni toh bayan wannan ina sauran nanon. Akwai. Abin gwajin ciki, na ƙanjamau, na kwalara, yawancinsu dabarar layin nan ce dai. Rigakafin maleriya na R21 da Jami'ar Oxford ta haɗa kamfanin Serum na Indiya ke bugawa, shi kanshi 'yan ƙananan ƙwayoyi ne da aka ƙera su yi kama da ƙwayar cuta don garkuwar jiki ta gane ta, an fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, sau 4 ake yi, uwa ta riƙa tambaya in ta kai yaro rigakafi, kuma baya hana a kwana cikin gidan sauro ko a karɓi maganin nan na wata-wata da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina. Akwai kuma tukunyar tace ruwa da wani mutumin Gwatemala, Fernando Mazariegos, ya ƙirƙiro a 1981, yumɓu ake cuɗawa da garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa a gasa, ƙaiƙayin ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofi, sai a shafe ta da ruwan azurfa mai ƙananan ƙwayoyi da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Mu da muka ga kwalarar 2021 a Bauchi mun san darajar ruwa mai tsabta, sai dai ba kowace randa ce ta zama wannan ba, sai wadda aka yi a ma'auni aka gwada, in ta tsage kuma ta tashi aiki. In babu ita, tafasawa ko sa kulorin a jira minti 30 yana nan.

Wannan azurfar ce ta kawo ni kan masu kwalba. Za ka gansu a tasha da WhatsApp, ruwa fari a roba an rubuta nano silba, wai yana kashe cuta ɗari da hamsin, taifot, sanyin mata, ciwon hanta, komai. Masu shekaru za su tuna 2014 lokacin Ebola, satin da aka tashe mu da asuba wai a yi wanka da ruwan gishiri, a cikin watan Agustan nan ne ministan lafiya na lokacin Farfesa Onyebuchi Chukwu ya ambaci wani Nano Silver da za a gwada, kwanaki kaɗan aka dawo aka ce bai cika sharuɗɗa ba, aka ajiye shi. Bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu ciwon da killace su ne ya kashe wutar, har aka ayyana Najeriya ta rabu da ita ranar 20 ga Oktoba. Azurfa tana da aikinta a waje, a jikin tukunyar tacewa ko bandejin ƙuna da likita ya sa. Shanta kuwa taruwa take a fata ta mayar da mutum shuɗi-shuɗi kalar toka kuma baya gogewa har abada, tana kuma hana wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta shiga jiki yadda ya kamata, hukumar magunguna ta Amurka tun 1999 ta ce babu hujjar tana warkar da wata cuta.

Satin da ya wuce wani dattijo ya zo min da irin kwalbar a aljihun babbar riga, rabi ya shanye, kwana tara yana zazzaɓi. Nace Baba kawo yatsa. Na tsira, na ɗiga bafa, na kalli agogon bango, muka zauna yana ba ni labarin masararshi da ruwa ya kwantar. Kafin minti 15 layi biyu sun fito. Na ɗora shi a sikeli, kilo 58, na ɓallo mishi ƙwaya huɗu na aiki jikanshi ya sayo nono a bakin titi ya kora, kwalbar kuma nace ya bar min ita a kan tebur.